Shin Ko Kun San? Iskar Da Ke Shanye Man Motocinmu

Shin ko kun san iska tana da nauyi? Ku ɗauki ɗakin kwana madaidaici, mai mita 4 a tsawo, mita 4 a faɗi, mita 3 daga daɓe zuwa rufi. Iskar da ke cike da wannan ɗaki, da za a iya ɗora ta a sikeli, ta fi buhun siminti nauyi. Ba ma jin ta ne kawai saboda a cikinta aka haife mu.

Mota kuwa tana jin ta sarai. Ƙaramar mota irin Golf, wadda faɗin fuskarta wajen murabba'in mita 2 ne, kafin ta cinye kilomita 1 sai ta ture iskar da ta haura tan 2 daga gabanta. Babbar mota mai bodin katako da aka yi wa lodin masara har sama, wajen tan 10 take turewa a kowace kilomita, tun daga Daudawa har Funtuwa. Babu mai biyan kuɗin wannan dako, daga tankin mai yake fita.

Abin da ya sa na ɗauko zancen ke nan. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Ku zauna a kowace tasha, Sheme ko 'Yankara, Ƙanƙara ko Sabuwa, hirar shan mai ba ta ƙarewa. Wannan ya ce fulogi ne, wancan ya ce a wanke injekta, wani ya ɗora laifin kan man 'yan bumburutu. Kowa da gaskiyarsa. Amma ban taɓa jin wanda ya ambaci iska ba, alhali da zarar ƙaramar mota ta haura kilomita 80 a awa a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, kusan rabin ƙarfinta ko fiye da haka a kokawa da iska yake tafiya.

Shin ko kun san idan direba ya ninka gudunsa sau 2, turjiyar iska sau 4 take ninkuwa? Golf ɗin da ke tafiya a kan 60, iska tana danne ta da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 10. Ya taka totur ya kai 120, ta koma kilo 40. Ƙarfin da inji zai bayar don ya ci gaba da ratsa ta a wannan gudu kuwa, sau 8 yake ninkuwa. Shi ya sa mota take lafiya lau a 70, amma da maleji ya doshi 110 sai ka ga allurar mai tana yin ƙasa kamar tanki ya huje.

Ga wani lissafi mai sauƙi. Tafiyar kilomita 60 a gudun 100 minti 36 ce. A gudun 80, minti 45. Minti 9 ne tsakaninsu, amma turjiyar iska ta ragu da kashi 36 cikin ɗari. Kuma 80 ɗin nan ita ce iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta yanka wa tasi da bas da motocin gida a kan babban titi mai hannu ɗaya, tirela da tanka kuma 50. Amurka ma da man fetur ya yi mata tutsu a 1973, ɗaya daga cikin abubuwan da ta yi a farkon 1974 shi ne kafa dokar hana wuce mil 55 a awa, wato kusan kilomita 89, a duk faɗin ƙasar, don kawai a rage shan mai.

Na san abin da direban Faskari zai ce mini, kuma ba zan yi masa musu ba. Akwai wuraren da babu mai hankalin da zai ɗaga ƙafa daga totur, musamman in rana ta yi sanyi, saboda halin tsaron da yankinmu ya daɗe a ciki. Rai ya fi mai. A nan ba ni da ta cewa sai addu'ar Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Maganata a kan sauran hanyar take, inda babu fargaba, inda gudun ya zama sabo ne kawai ko rige-rigen komawa layi.

Shin ko kun san lodin da ke saman mota yana iya jan iska fiye da motar kanta? Wata ranar kasuwa na tsaya ina kallon yadda ake yi wa wata Golf lodi. An fara da buhunan masara biyu a kwance a kan kariya. Aka ɗora katifa a naɗe a gicciye, bakinta ya leƙo ta kowane gefe. Sai jarkokin manja guda huɗu a tsaye, a gaba, daidai saman gilashi, aka bi su da kwandon kaji. Yaron mota ya ja igiyar roba ya ɗaure, ya bubbuga rufin ya ce, "Oga, an gama." Wani dattijo da ke kujerar gaba ya leƙo ya ce, "Malam direba, anya motar nan za ta ja?" Direban ya ce, "Baba, kayan ba su da nauyi, girma ne kawai." Gaskiya ya faɗa, ba su da nauyi. Sai dai girman shi ne matsalar.

Ku bi ni da lissafin. Duk kayan da suka tsaya wa iska ƙiƙam, masu faɗin mita 1 da tsayin mita 1, a gudun kilomita 100 iska tana tura su baya da ƙarfin da ya haura kilo 40. Ita Golf ɗin gaba ɗayanta, ba kaya a sama, abin da take fuskanta a wannan gudu bai cika kilo 30 ba, domin an goge mata kafaɗu tun daga masana'anta. Ƙarfin da inji zai ƙara fitarwa saboda wannan lodi kaɗai ya kai na injin babur Boxer guda biyu. In da a gudun 50 ake tafiya, turjiyar lodin ba za ta wuce kilo 10 da 'yan kai ba. Wato lodin sama da gudu, in suka haɗu, su ne ke cinye ribar direba.

Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta auna abin. Ta ce babban akwatin kaya a saman mota yana rage nisan da lita ke kaiwa da kashi 2 zuwa 8 cikin ɗari a cikin gari, kashi 6 zuwa 17 a babban titi, har kashi 10 zuwa 25 in ana sharara gudu sama da kilomita 100. Akwatin da aka maƙala a bayan mota kuwa, inda jikin motar ya kare shi, kashi 1 zuwa 5 kawai yake ci. Wani bincike da aka fitar a ɗakin bincike na Berkeley a 2016 ya nuna kariyar saman mota kaɗai ta ci wa Amurkawa galan miliyan 100 na fetur a shekarar 2015, kuma da yawa daga cikinsu babu komai a kansu ake yawo da su.

Ba cewa nake a daina ɗaukar kaya ba, da kuɗin kayan nan direba ke cike gurbin mai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A kwantar da dogon abu a tsawon mota, kada a gitta shi. A sa gajerun kaya a gaba, masu tudu a tsakiya, a sake gangarowa ta baya, kamar bayan kunkuru. Kada komai ya leƙo ta gefe ya wuce faɗin rufi. Sannan a rufe da tamfol a ja shi ya yi tsam, a cusa bakinsa na gaba a ƙarƙashin kaya yadda iska ba za ta sami ƙofar shiga ba. Tamfol ɗin da ya kumbura yana faf-faf a hanya ya zama lema mai jan mota baya, kuma kafin wata biyu ya yayyage. Ranar da babu lodi, in kariyar mai kwancewa ce, a kwance ta a ajiye a gida.

Shin ko kun san barin but a buɗe yana jawo hayaƙin salansa cikin mota? Wannan ya fi batun mai muhimmanci. Bayan kowace mota mai gudu akwai wani gurbi da iska ke juyawa a cikinsa tana tsotso. In an cika but da buhuna an bar murfin a ɗage an ɗaure da igiya, wannan tsotson yana iya dawo da hayaƙi ciki, kuma a cikin hayaƙin akwai wata guba marar wari marar launi mai sa ciwon kai da jiri da barci. Fasinjan baya da ke sauka yana dafe kai, ba kullum rana ce ta buge shi ba. In dole ta sa an bar but a buɗe, to kada a sa yara a can baya.

Wannan gurbi na baya kowa ya taɓa ganin shaidarsa. Ku dubi Sharan ko bas da ta fito daga hanyar ƙauye da rani: gilashin gaba da ɗan dama-dama, na baya kuwa ya yi buɗu-buɗu da jar ƙasa har yara na rubutu a kai da yatsa. Iskar da ta rabu da rufin motar ce ta rasa inda za ta bi, ta dunƙule tana juyi, ta kwaso ƙura ta manna. Wannan juyin yana riƙe mota kamar an kama mata riga ta baya, kuma a mota mai siffar akwati babban kaso na turjiyar daga nan yake.

Shin ko kun san siffar da ta fi ratsa iska ita ce ta tarwaɗa? Kai mai kauri a dunƙule, jiki yana sirancewa har wutsiya. Yawancinmu muna zaton tsinin gaba ne sirrin, alhali a gudun mota wutsiyar ta fi baki aiki. Wani injiniyan jiragen sama, Edmund Rumpler, ya nuna mota mai siffar ɗigon ruwa a Berlin a 1921. Ba ta yi kasuwa ba, wajen guda 100 kawai aka ƙera. Amma da kamfanin Volkswagen ya saka ɗaya a zauren gwajin iska a 1979, sai aka sami lambar turjiyarta 0.28. Don ku gane darajar wannan lamba: faifan allo da aka tsayar wa iska ya haura 1, manyan motoci masu siffar akwati suna tsakanin 0.6 da 0.8, ƙananan motocin zamani suna wajen 0.3, Mercedes EQS ta 2021 kuma 0.20. Bayan Rumpler, a shekarun 1930, Bajamushe Wunibald Kamm ya nuna ba sai an ja wutsiyar har ƙarshe ba. A fara sirantar da ita a hankali, sai a datse ta, yawancin amfanin yana nan. Irin wannan datsattsen baya ne kuke gani a Toyota Prius.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Edwin Saltzman, injiniya a cibiyar gwajin jirage ta NASA da ke hamadar Kalifoniya. A 1973, yana tafiya aiki a kan keke, sai ya lura duk tirelar da ta zo wucewa tana fara ture shi gefen titi, in ta gifta kuma ta janyo shi tsakiya. Ya ce a ransa, wannan ƙarfi da ke wasa da ni, mai ne ake ƙonawa. Shi da abokan aikinsa suka ɗauko wata tsohuwar motar Ford, suka lulluɓe ta da fallayen alminiyam ta zama akwati mai kusurwa huɗu, suka auna. Sannan suka lanƙwasa kusurwoyin gaba suka zama masu santsi, turjiya ta faɗi da kashi 52 cikin ɗari. Suka rufe ƙarƙashinta, ta ƙara faɗuwa da kashi 7. Sun ƙiyasta hakan zai rage shan mai da kashi 15 zuwa 25 a gudun babban titi. Kayan aikinsu fallen ƙarfe ne da ƙusa da agogon auna lokaci. Babu abin da ke ciki da ya fi ƙarfin mai walda na Funtuwa ko maƙeran Panteka a Kaduna.

Shin ko kun san a Amurka da Turai akwai motocin da gida ne sukutum, da gado da kicin da makewayi, waɗanda iyali ke tafiya hutu a cikinsu? Siffar akwati gare su, shan mansu kuma ba a magana. Shi ya sa wasu masu su ke zama a bayan gida su ƙera musu wutsiya da falanki ko alminiyam, su rufe gefen tayoyin baya, su sauke tarkacen da ke kan rufi. Ka'idar da suke bi ita ce kada gangaren wutsiyar ya wuce digiri 10 zuwa 15, in ya fi haka iska ta saki jikin, aikin ya tashi a banza. Wani Ba'amurke ya yi wa tsohuwar Honda Civic ɗinsa ƙirar 1992 irin wannan aiki da kayan da ba su wuce dala 400 ba, ya sa mata dogon hanci da wutsiya, ya rufe tayoyi. A cewarsa, lita 1 tana kai shi wajen kilomita 40 a gudun 105. Mu ba mu da gida mai taya, amma J5 da Hiace da Kanta da muke hawa kullum duk 'yan ɗaki ɗaya ne da shi a wajen iska.

Shin ko kun san da zaren auduga ake ganin iska? A nan Daudawa ta shigo da ƙarfinta, garin da tun zamanin Turawa aka kafa gonar irin auduga a cikinsa, ake kai amfanin gidan gurza a Funtuwa. Duk wanda ya taɓa bin bayan motar auduga ya ga yadda ɓurɓushinta ke tashi, ya yi juyi a bayan bodi, wani ma ya dawo ya manne a jikin motar. Injiniyoyi da gangan suke yin wannan. A yanka zare mai kauri guntu-guntu, kowanne kamar tsawon ɗan yatsa, a manna bakinsa ɗaya da salatif a jere a kan rufi da gefe da gilashin baya. Mota ta kama hanya, wani a wata motar ya ɗauki bidiyo da waya daga gefe. Inda zaren ya kwanta luf yana kallon baya, iska na bin jiki lafiya. Inda yake rawa, ko ya juyo yana kallon gaba, nan ne mai ke zuba. Gani ya kori ji.

Gwaji na biyu shi ne wanda su Saltzman suka yi. A sami miƙaƙƙen titi marar tudu, lokacin da babu motoci. A kai gudun 80, a mayar da giya furi, inji na aiki, kada a kashe shi saboda birki da sitiyari. Wanda ke gefe ya duba daƙiƙa nawa aka yi kafin maleji ya sauko 50. A yi zuwa, a yi dawowa, sau uku-uku, a rubuta. Sai a canza abu guda ɗaya tak, a sake. In lokacin ya ƙaru, gyaran ya yi amfani. In bai ƙaru ba, a cire shi ko da an kashe masa kuɗi.

Shin ko kun san hular da ke kan tirela ba ado ba ce? Wannan lanƙwasasshen abu da ke saman kan DAF da sauran manyan motoci, aikinsa ya ɗaga iska ta haye saman kaya maimakon ta daki bangon bodi. Amfaninsa yana fitowa ne in tsayinsa ya yi daidai da na kayan da ke baya. In an ja fanko ko gajeren lodi da doguwar hula, ita kanta ta zama abin turewa. Kanta da motocin bodin katako namu yawanci ba su da ita, bodin ya ɗara kan direba da kusan mita guda, a tsaye kamar katanga. A ganina, in akwai gyara ɗaya da ya cancanci kuɗin walda a yankinmu, wannan ne: fallen ƙarfe mai lanƙwasa daga saman gilashi zuwa bakin bodi, a ɗaure shi da noti sosai, ga motar da ke doguwar tafiya zuwa Kano ko Legas. A ƙasashen waje har siket suke sa wa tirela a gefe, tsakanin tayoyin gaba da na baya, yana rage musu mai da wajen kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari. Kamfanin DAF kuma a 2021 ya fitar da sabbin kawuna masu ɗan tsawo da zagayayyun kusurwoyi, bayan Tarayyar Turai ta sassauta dokar tsawon mota saboda wannan dalili.

Masu Hilux da a-kori-kura: sauke ƙofar baya ba ya rage shan mai. Gwajin da aka yi a Kanada a 2004 ya nuna barin ta a rufe ya fi, domin iska na yin wani dunƙule a cikin bodin wanda sauran iskar ke hayewa ta kansa.

Shin ko kun san motar tseren Formula 1 ta fi Golf jan iska nesa ba kusa ba? Fikafikan da ke jikinta an sa su ne su danna ta ƙasa kada ta kauce a kwana, kuma da mai ake biyan wannan. Saboda haka fiffiken da samari ke sayowa su ɗaura a kan but, da ƙaton bamban ƙarfe, da jerin fitilu da ƙahonin hon a kan rufi, da faffaɗar robar taya mai jan ƙasa, kowannensu ƙarin turjiya ne. Kwalliyar ba ta biyan kuɗin sabulu.

A kan babur, mutum shi ne bango. Jikin mai tuƙi ya fi injin da tankin tare iska, babbar riga in ta cika ta kumbura kuma ta ƙara. A tattare ta a zauna a kai, dama hakan ya fi aminci saboda sarƙa da taya. Buhun da aka gitta a baya ya leƙo hagu da dama, ko kwanon rufi da aka ɗauko a tsaye, ban da shan mai har kayar da mutum suna yi in iska ta bugo ta gefe. A wata gasar tsimin mai da Craig Vetter ya riƙa shiryawa a Amurka, a 1985 wani ƙaramin babur Honda mai inji 125 da aka lulluɓe da kwanso mai siffar kifi ya yi tafiyar da ta kai kusan kilomita 200 a lita 1. Ku kwatanta da abin da naku ke yi.

Shin ko kun san Bahaushe ya taɓa zana motar da duniya ta yi ta magana a kanta? Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da aka haifa a Kaduna a 1966, shi ya jagoranci zanen jikin samfurin Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a Detroit a 2007. Kafin motar ta shiga kasuwa a ƙarshen 2010, injiniyoyi sun daɗe da ita a zauren gwajin iska, suka zagaye gabanta, suka gyara bayanta, domin a mota mai batir duk turjiyar da aka rage ƙarin kilomita ce. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya. Yaron Daudawa da ke ƙera mota da gwangwani da silifas ya kamata a ba shi wannan labari.

Shin ko kun san hunturu ma yana da hannu a kuɗin manku? Iskarsa daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya tashi daga Ƙanƙara ya nufi Dutsin-Ma da Katsina, kusan gaba da gaba yake da ita. In yana gudun 80 ita kuma tana tahowa da 20, motar ji take kamar tana 100, turjiya ta ƙaru da fiye da rabi. A dawowa sai ta tura shi. Wanda ya bi ta Sheme da 'Yankara zuwa Tsafe da Gusau kuwa, ta gefen mai zaman banza take dukansa, kuma a nan ne dogon lodi ke sa mota rangaji.

Akwai gyare-gyaren da ake yi a ƙasashen sanyi waɗanda ba namu ba ne, kada garin neman gira a rasa ido. Suna toshe wani sashe na ragar gaba don iska ta bi ta sama. Wanda ya yi haka a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, lagireto zai tafasa ya ƙona gasket. Suna sauke mota ƙasa su shimfiɗa mata faranti a ciki. A hanyoyinmu masu ramuka, farantin ba zai kwana biyu ba, in kuma na roba ne ya taɓa salansa, gobara ce. Kada a cire madubin gefe, kada wutsiya ta rufe fitilar birki ko lamba. Duk abin da aka ɗaura da waya ko igiya kawai, wata rana zai fizge ya faɗa kan na baya. Mafi muni shi ne manne wa bayan tirela don a fake daga iska. Man yana raguwa, gaskiya ne, amma ranar da mai tirela ya taka birki babu wanda zai fita.

A hanyar gargada ta cikin ƙauye, inda ba a wuce 30 ko 40, ku manta da iska gaba ɗaya. A can nauyi da taya ne ke magana. Taya mai ƙarancin iska tana iya cin har kashi 3 cikin ɗari na mai, saboda haka a sa mai faci ya auna da geji da safe kafin taya ta yi zafi, a bi lambar da ke rubuce a jikin ƙofar direba, a daina dogara da bugun ƙafa.

Roƙona ga shugabannin tasha na Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, da malaman kimiyya na makarantun sakandarenmu: a sami direba ɗaya mai bin hanya ɗaya kullum, a ba shi ɗan littafi. Mako biyu ya yi lodi da gudu yadda ya saba, yana rubuta litar da ya sha da zuwan da ya yi. Mako biyu kuma ya kwantar da kaya, ya ja tamfol, ya tsaya a 80 inda hanya ke da aminci. Abin da littafin ya nuna, a karanta wa sauran direbobi a bakin layi ranar kasuwa.